Shin Koyar da Manya Sana'a a Azuzuwan Ilimin Manya Yana da Amfani na Gaske?

Wata Hajiya, shugabar ƙungiyar mata a wata ƙaramar hukuma, ta aiko da tambaya. Ƙungiyarsu ta tara ɗan kuɗi, suna son buɗe ajin koyon sana'a a gefen ajin yaƙi da jahilci da suke gudanarwa. Sai dai ta ce ta sha halartar bikin yaye ɗalibai inda ake raba kekunan ɗinki da takardun shaida, amma bayan 'yan watanni sai ta ga kekunan a kasuwa, ko an lulluɓe su da zane a kusurwar ɗaki. Tana son sanin ko wannan koyarwa tana da amfani na gaske, kuma ta yaya ake gane hakan.

Hajiya, abin da kika gani da idonki gaskiya ne, kuma ba a ƙaramar hukumarku kaɗai yake faruwa ba. Na daɗe ina aikin ilimin manya, na zauna a kujerar manyan baƙi a bukukuwan yaye da dama, kuma na taɓa komawa wani gida bayan shekara guda na tarar keken ɗinkin ya zama wurin ɗora kwanuka. Duk da haka ba zan ce miki koyarwar aikin banza ce ba. Tana da amfani, amma amfanin bai kai yadda ake zuzuta shi a jawaban ranar yaye ba, kuma yawancin abubuwan da ke sa ta yi albarka suna wajen ajin ne, a kasuwa da cikin gida da aljihun ɗalibar.

Mafarin ruɗanin shi ne ma'aunin da muke amfani da shi. Rahotannin da ake kai wa hukuma suna ƙirga waɗanda aka ɗauka, da waɗanda aka yaye, da kayan da aka raba, alhali duk wannan lissafin abin da aka kashe ne. Ma'auni na gaskiya shi ne a koma wurin matar bayan shekara ɗaya ko biyu a tambaye ta ko tana yin sana'ar, da abin da ke saura mata a mako bayan ta cire kuɗin kaya. Akwai kuma tambaya ta biyu da kusan kowa ke mantawa da ita: da ba ta shiga ajin ba, me za ta samu? Macen Bahaushe ba kasafai take zaune haka kawai ba. Tana da awararta ko ɗanwakenta, ko ƙuli-ƙuli, ko kitso, ko ɗinkin hula, ko akuya biyu a bayan ɗaki. Idan ta bar tuyar awara ta koma ɗinki, kuma abin da take samu bai wuce na da ba, to an canza mata sana'a ne kawai, an kuma cinye mata watannin da ta yi tana zuwa aji.

Saboda wannan tambaya ta biyu ne masana tattalin arziki suke raba masu neman horo gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a horar da kashi ɗaya, a bar ɗayan, sannan a bi su duka shekara da shekaru a gwada. A 2017 David McKenzie na Bankin Duniya ya tattara sakamakon irin waɗannan gwaje-gwaje daga ƙasashe masu tasowa, ya gano cewa a cikin kowane mutum 100 da aka ba horon sana'a, waɗanda suka sami aikin da ba za su samu ba in ba don horon ba, ba su kai mutum 3 ba, alhali a shirye-shirye da yawa ana kashe dala 1,000 zuwa 2,000 a kan kowane mutum ɗaya. Wannan adadi yana sanyaya gwiwa, kuma ya kamata duk mai shirin buɗe cibiya ya ji shi tun kafin ya sayi allo. Sai dai matsakaicin lissafi ne da ya haɗa mai kyau da marar kyau, kuma a cikinsa akwai shirye-shiryen da suka yi fice ƙwarai. A Laberiya, alal misali, wani shiri na 'yan mata da matasan mata da aka fara a 2010 ya ba da horon wata shida a aji, sannan aka ƙara wata shida ana bin kowacce ana taimaka mata ta sami aiki ko ta kafa sana'arta, an kuma tanadi masu renon yara a wurin karatun. Samun abin yi a tsakanin waɗanda aka horar ya ƙaru da kashi 47 cikin 100 idan an gwada da 'yan'uwansu da ba a kai ga horarwa ba. Darasin da ake koyarwa a wurin bai fi na sauran wurare wani abin a zo a gani ba. Bambancin yana cikin wata shidan nan na biyu, da kuma goyon da aka sauke wa uwa daga bayanta.

Tun da kuna da ajin yaƙi da jahilci, bari in ɗan tsaya a kan yadda ake haɗa karatu da sana'a, domin tsohuwar muhawara ce. Yaƙi da jahilcin da aka yi a Jihar Arewa a shekarun 1950, wanda Malam Ahmadu Coomassie yana cikin jagororinsa, karatu da rubutu da ɗan lissafi ya sa a gaba. Bayan taron ministocin ilimi na duniya da aka yi a Tehran a 1965, UNESCO ta rungumi ra'ayin cewa a ɗaura karatun babba a kan aikin da yake ci da shi, aka gwada hakan a ƙasashe 11 tsakanin 1967 da 1973, cikinsu har da Mali da Tanzaniya, kuma sakamakon bai kai abin da aka yi fata ba. A nan gida, gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano a 1980, wadda ta zama abin koyi ga sauran jihohi, sannan gwamnatin tarayya ta kafa hukumar ilimin manya ta ƙasa a 1990. Tun daga lokacin kusan kowace cibiyar mata da ke ƙarƙashin waɗannan hukumomi tana da sashen ɗinki da saƙa da girki. A 2002 John Oxenham da abokan aikinsa suka yi wa Bankin Duniya nazarin irin waɗannan shirye-shirye a Afirka, suka ga cewa shirin da ya faro daga sana'a sannan ya shigo da karatu a cikinta ya fi samun nasara a kan ajin karatun da aka liƙa wa sana'a daga baya don a jawo mutane. Dalilin a fili yake. Malamin karatu ba tela ba ne, kuma hukumar da ta ƙware a kan koyar da baƙaƙe ba lalle ta san kasuwa ba, shi ya sa sana'ar da take koyarwa kan zama ta wasa. Ita kuwa matar da ta riga ta fara karɓar ɗinki tana da dalilin koyon lambobi, domin tana son ta karanta tef, ta rubuta awon kowace mai kaya, ta san wadda ta biya da wadda ake bi bashi. Irin wannan karatu ba ya gudu, domin kullum ana taɓa shi. An ga makamancin haka a Jamhuriyar Nijar, a ƙauyukan Dosso da Damagaram, a 2009 da 2010, inda aka koyar da manya karatu da Hausa da Zabarmanci, aka kuma koya wa wasu azuzuwan amfani da wayar hannu. Waɗanda suka koyi wayar sun fi sauran cin gwajin rubutu da lissafi, saboda sun sami abin da za su riƙa yi da karatun bayan an tashi daga aji. Shawarata a nan ita ce kada ku raba azuzuwan biyu kamar ba su san juna ba. Littafin lissafin ajin karatu ya zama littafin cinikin ita ɗalibar.

Sai zaɓen sana'ar, kuma a nan ne mafi yawan kuɗi ke salwanta. Idan kika zagaya cibiyoyin mata daga Sakkwato har Maiduguri, jerin kusan ɗaya ne: ɗinki, saƙa, sabulun ruwa, man shafawa, turaren wuta, sai 'yan kayan maƙulashe. Ba don an auna kasuwa aka zaɓe su ba. An zaɓe su ne don malamansu suna da sauƙin samu, kayan koyarwar ba su da tsada, kuma ana iya yin su a ɗaki guda a nuna wa baƙi ranar yaye. To, a yaye mata arba'in a unguwa ɗaya, kowacce ta iya haɗa sabulun ruwa, wa zai sayi na wa? Masu sayen ba su ƙaru ba, masu sayarwa ne suka ninka, sai farashi ya karye, har wadda take yin sana'ar tun da can ta shiga uku. Wannan ɓarna ba ta fitowa a rahoton kowa. Kafin ku yanke shawara, ku yi mako biyu kuna tambaya, kuma waɗanda za ku tambaya su ne dillalai masu shiga gida-gida, da masu shagunan unguwa, da masu sari ranar kasuwa. Ku tambaye su abin da ake nema ba a samu, da abin da ake kawowa daga wani gari alhali ana iya yin sa a nan, da abin da mutane ke kuka da rashin ingancinsa. Sau da yawa amsar ba ta da ƙyalƙyali. Takan kasance gyara sana'ar da matan suka riga suka iya: tatsar man gyaɗa mai tsabta da zuba shi a mazubi mai kyau, turara shinkafa yadda ba za ta karye a inji ba kuma ba tsakuwa, busar da tumatir a kan abin shanya maimakon a ƙasa, kiwon kaji tare da sanin lokutan rigakafi, ko turke raguna da lissafin abincinsu domin Babbar Sallah. Ƙara wa mace ƙwarewa a kan sana'ar da take da masu saye ya fi saurin biya a kan ɗora ta a sabuwar da za ta fara neman kasuwa daga tushe. Ga maza kuma, in kun taɓa faɗaɗa aikin, gyaran waya da haɗa sola da aikin famfo da gyaran injin ban ruwa da shimfiɗa tayil duk suna da nema. Abin takaici ne a ce a manyan gine-ginen biranenmu sau da yawa daga Togo da Benin ake ɗauko masu aikin tayil da kwalliyar silin, matasanmu suna zaune a bakin titi.

Tsawon lokacin koyo shi ma abin dubawa ne. Horon mako biyu da ake yi a ɗakin taro, a ci abinci a karɓi kuɗin mota, ba ya mai da kowa gwani, in ban da ƙananan abubuwa irin haɗa sabulu. Tela na gaske shekaru yake yi a shago kafin a sallame shi. Kuma ya kamata mu riƙa tunawa cewa babbar makarantar koyon sana'a a ƙasar nan ba ta gwamnati ba ce: tana Panteka a Kaduna, tana Ƙofar Ruwa da kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, tana garejin kowane bakanike da shagon kowane mai walda. Abin da yaron shago yake samu wanda ɗan aji ba ya samu shi ne sana'ar tare da kasuwarta. Yana ganin inda ake sarin kaya da rahusa, yana jin yadda ake ciniki, yana koyon yadda ake lallashin wanda aka ɓata wa aiki, kuma ranar da ya buɗe nasa wurin wasu daga cikin masu kawo wa ubangidansa aiki za su bi shi. Tsarin yana da nasa aibin. Wani ubangidan yakan ɓoye sirrin aikin, yaro ya shekara yana aike da shara, ba a koya masa dalilin abin da yake yi, kuma ya fita ba shi da wata takarda da za ta yi masa shaida a garin da ba a san ubangidansa ba.

Wani bincike da aka yi a Yuganda tare da ƙungiyar raya al'umma mai zaman kanta ta BRAC, aka buga a 2020, ya gwada hanyoyin biyu kai tsaye a kan matasa kimanin 1,700 da aka bi har shekara huɗu. Wasu an tura su cibiyar koyon sana'a na wata shida, wasu an kai su wurin masu sana'a an biya don a koya musu. Duka sun ƙaru, kuma 'yan shago sun riga samun aiki, amma da tafiya ta yi nisa sai 'yan cibiya suka wuce su, domin suna da takardar shaidar da wani mai ɗaukar aiki zai yarda da ita idan aikin farko ya ƙare. Abin da na ɗauka daga nan shi ne kowace hanya tana riƙe da rabin abin da ake bukata. Hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, NDE, da aka kafa a 1986, tun farko a kan tura masu koyo wurin masu sana'a ta gina babban shirinta, kuma shirin Mafita da Birtaniya ta ɗauki nauyinsa a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa ya bi hanyoyin biyu, koyo a shago da koyo a cibiya. A wurinku, Hajiya, wannan yana nufin ku nemi mata biyu ko uku da suka yi suna a sana'ar a yankinku, ku yi yarjejeniya da su a rubuce a kan abin da za a koya a kowane wata, ku biya su kashi-kashi gwargwadon abin da ɗalibar ta iya yi da hannunta a gaban wani gwani na daban, ajin ƙungiya kuma ya riƙe ɓangaren awo da lissafi da rubutu. Wanda sana'arsa ta neman aiki ce a wurin wasu, a taimaka masa ya zauna jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, ko ya nemi shaidar ƙwarewa ta tsarin da hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, mai hedikwata a Kaduna take kula da shi. Matar da za ta yi sana'a a cikin gidanta kuwa, takarda ba ta dame ta ba. Kyan aikinta ne shaidarta.

Yanzu ga batun kekunan da kika gani a kasuwa. Ban cika zargin matan ba. Wata tun farko ba ta nemi ɗinki ba, sunanta kawai aka sa a jerin da wani ɗan siyasa ya kawo, ta kuwa san cewa keke kuɗi ne. Wata ta so sana'ar, amma an ba ta keke ba zare ba yadi ba kuɗin gyara, kuma wata uku bai isa a amince mata da atamfar biki ba. Wata kuma ta fara da kyau, sai yaro ya kwanta rashin lafiya, kuma keken shi ne kaɗai abin da za a iya ɗagawa a sayar a gidan. Jari yana da tasiri sosai, har wani lokaci ya fi horon kansa. A arewacin Yuganda a 2008 gwamnati ta ba ƙungiyoyin matasa tallafin da ya kai kimanin dala 382 ga kowane mutum don su biya kuɗin koyo su sayi kayan aiki. Bayan shekara huɗu abin da suke samu ya ɗara na waɗanda ba a ba su ba da kashi 38 cikin 100, amma da aka koma bayan shekara tara sai aka tarar sauran sun kamo su. Wato tallafin ya gaggauta musu tafiyar ne da wasu shekaru, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai iyali, ko da yake bai mai da su attajirai ba. Abin da na ga ya fi ɗorewa a wurinmu shi ne kayan aiki su zama mallakar ƙungiya, ɗaliba ta riƙa biya kaɗan-kaɗan har su zama nata, a kuma sa waɗanda aka yaye tare cikin adashi ɗaya, domin ya zama akwai inda za a juya ranar da lalura ta taso ba sai an taɓa keken ba. Ku guji rance mai kuɗin ruwa, domin mata da yawa da mazajensu ba za su karɓa ba saboda addini, waɗanda suka karɓa kuma cikin fargaba za su yi sana'ar. Ku kuma lissafa wuta: tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, duk sana'ar da ta dogara da janareta ribarta ta ragu, shi ya sa keken ƙafa ya fi wa mai farawa kwanciyar hankali a kan injin da sai da lantarki.

Akwai wani abu da ba hannu ke koyonsa ba. A birnin Lome na Togo an gwada horo iri biyu a kan masu ƙananan sana'o'i kimanin 1,500. Kashi ɗaya an koya musu darussan kasuwanci da aka saba, irin su ajiye lissafi da tallata kaya, kashi na biyu kuma an horar da su a kan zuciyar nema: fita neman sabon mai saye ba sai ya zo ba, bambanta kayanka da na maƙwabci, hango matsala kafin ta iso, da sake gwadawa bayan an faɗi. A cikin shekara biyu ribar kashi na biyu ta ƙaru da kimanin kashi 30 cikin 100, ta kashin farko kuwa ƙaruwarta ba ta kai a dogara da ita ba. Wannan ya yi daidai da abin da kowace uwar adashi ta sani, cewa mata biyu za su koyi abu ɗaya a wurin malama ɗaya, ɗaya ta zauna jiran a ƙwanƙwasa mata ƙofa, ɗayar ta ɗinka wa 'yarta riga ta tura ta gidan suna don a gani a tambaya.

Sauran sharuɗɗan ke kin fi ni saninsu. A nemi yardar maigida tun kafin a rubuta suna, a sa lokacin aji inda bai ci karo da girki da Islamiyya ba, wurin ya zama wanda ake zuwa da ƙafa, kuma a karkara kada a sa zangon koyo a tsakiyar damina ko lokacin kaka. Gemu ba ya hana ilimi, amma babba yana zuwa aji da nauyin gida a kansa, kuma ranar da zuwan ya fi ƙarfin aljihunsa zai daina ba tare da ya yi sallama ba.

Game da yadda za ku gane ko naku ajin ya yi amfani, ba sai kun ɗauko masani daga jami'a ba. Ku sami babban littafi guda. Ranar da mace ta shiga, a rubuta sana'ar da take yi a lokacin da abin da take samu a mako, gwargwadon yadda ta iya ƙiyastawa. Idan masu nema sun fi gurbin da kuke da shi, ku yi ƙuri'a a gaban kowa, waɗanda ba su samu ba a rubuta su a matsayin 'yan zango na gaba, su ma a ɗauki bayaninsu. Hakan ya raba ku da zargin son kai, ya kuma ba ku waɗanda za ku gwada da su. Bayan wata shida da yaye, da kuma bayan shekara, a aiki wadda ba ita ta koyar ba ta shiga gidajen duka biyun, ta ga kayan aikin da idonta, ta tambayi aiki nawa aka karɓa a makon da ya wuce da nawa aka biya, kuma kada a yi wannan zagaye a makon Sallah, lokacin da ko wadda ba ta iya ba tana samun ɗinki. Ku fara da mata goma sha biyar ko ashirin a sana'o'i biyu, ku ware aƙalla sulusin kuɗin domin abin da zai biyo bayan yaye, wato kayan somawa da gyara da bibiya, sannan kada ku ɗauki zango na uku sai kun buɗe littafin nan a gaban 'yan ƙungiya kun karanta abin da ya sami na farko.